Kwale-kwalen Nababa Mai Ƙyaure

Nababa mai ƙyaure maƙwabcina ne, danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, a ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir. Ya girme ni da shekara shida ko bakwai. Bayan noma, sana'arsa yin ƙyaure da taga da kujerar tsugunno, kuma in makarar masallaci ta karye shi ake kai wa. Ba shi da yawan magana. In ka kai masa aiki sai ya dube ka, ya dubi katakon, ya ce, "Jibi." Jibin kuwa ba ta wucewa.

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Ruwan da muka tashi muka sani shi ne na rijiya da na kududdufi, sai rafin da yake kawowa da damina ya wuce cikin kwana biyu ya bar mana yashi. Da aka datse rafin aka yi dam, ruwa ya kwanta a kwarin da ke arewa da mu, ya cinye gonakin ƙasa ya bar na tudu. Gonar Nababa, wadda ya gada wurin mahaifinsa, tana cikin waɗanda suka tsira, sai dai ta koma hayi. In ka tsaya a gaɓarmu kana hango ɗorawar da ke tsakiyarta. Da can tafiyar ɗan lokaci ce. Bayan dam kuwa sai ka zagaya ta kan datsin, ka fita da asuba ka isa rana ta take tsaka.

Shekarun farko yana zagayawa a kan jakinsa, ya kwana biyu a can ya dawo. Sai shekarun fari suka shigo, lokacin da ake layin gishiri da sabulu a birni, mu kuma a nan muna dafa tafasa da dusa. Jakin ya mutu. Kurkunu ya fito wa Nababa a gwiwar dama, ya kwantar da shi wata huɗu, da ya tashi ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. 'Ya'yansa mata biyu suna gidan aure, namijin ya tafi Ikko neman abinci, ba wasiƙa ba saƙo. Daga shi sai matarsa Furera a gidan. Damina biyu a jere ba a sa fartanya a gonar ba.

Da kaka ta wuce, mai unguwar hayi ya aiko. Ina zauren Nababa lokacin da ɗan aiken ya zo. Ya gaisa, ya yi jaje, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai wani Abdussalam a can, ruwa ya cinye tasa gonar gaba ɗaya, yana da baki tara a gida. Mutane suna magana cewa ga gona kwance ga mai yunwa. Saboda haka in ruwan shuka ya sauka bana ba a ga Nababa a gonarsa ba, za a ba Abdussalam ya noma. Da sunan aro ne, amma duk mun san irin wannan aro. Wanda ya zuba wa ƙasa taki shekara uku, ba mai iya tashinsa.

Nababa ya ce, "To. A gaishe shi."

Da mutumin ya tafi na ce, "Yaya, me za ka yi?"

Ya ɗaga kai yana duban wasu katakai na maɗaci da ya jingine a saman zauren, sun fi shekara goma a wurin, yana ajiyarsu don wani aiki da bai taɓa faɗa ba.

Kwana ashirin ya yi yana buga abin a bayan gida. Ba wanda ya tambaya, shi ma bai tambayi kowa ba. Ranar da aka fito da shi, mu huɗu muka ɗauka zuwa gaɓa. Abu ne mai kusurwa huɗu, gabansa da bayansa duk ɗaya, bangonsa ya kai ƙugun mutum. An yi shi da kyau, ba ko ƙusa ɗaya a karkace. Nababa ya shiga, muka tura. Ya sa allon da ya sassaƙa ya ja ruwa ta dama, abin ya juya hagu. Ya ja ta hagu, ya juya dama. Iska ta buga bangon, ya shiga zagaye a wuri ɗaya. Matan da suke ɗiban ruwa suka tsaya da tuluna suna kallo. A wata shekarar da an yi dariya har a faɗi. Ranar dai mace ɗaya ce ta ce, "Allah sarki," suka ɗauki ruwansu suka tafi.

Akwai wani masunci, Usaini, mutumin wajen Haɗeja, da yake zuwa da rani ya kafa bukka a bakin dam ɗin, ya koma garinsu kafin damina. Yana zaune yana ɗinkin koma, ya ga komai. Shi ya shiga nasa kwale-kwalen ya je ya janyo Nababa.

Da suka fito Usaini ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Baba, lefen wa za a kai a ciki?"

"Jirgi ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba ya yoyo," in ji Nababa.

"Wannan gaskiya ne. Tulu ma ba ya yoyo, amma ba a zuwa hayi da shi."

Nababa bai ji haushi ba. Ya dogara sandarsa ya je wurin kwale-kwalen Usaini, ya zauna a ƙasa ya miƙe gurguwar ƙafar, ya shiga shafa jikin katakon kamar mai duba akuya a kasuwa. Ya ce, "Faɗa mini sunayensu."

Tun daga ranar kullum da hantsi yana bakin ruwa. Ni ma in ba ni da abin yi, kuma a shekarun nan ba abin yi da rani, ina raka shi. A nan na ji abin da na ji. Usaini ya ce gaban jirgi shi ne goshi, dole ya tsuke ya ɗan ɗaga sama, don ya tsaga ruwa maimakon ya tura shi. Baya shi ne gindi, nan mai tuƙi yake zama. Itatuwan da ake gittawa a ciki su riƙe bangon biyu, haƙarƙari yake kiransu. Allon tuƙi sunansa filafili, doguwar gorar da ake dogarawa a ƙasa in ruwa ba zurfi kuwa gora ce kawai. Ya ce bango in ya yi tsawo iska ce take tuƙa ka, ba kai ba.

"Nawa siriri ne," in ji shi, "saboda ni kaɗai nake shiga, kuma a ciki aka haife ni. Yana gudu. Amma in ka yi atishawa ba shiri sai ya kife da kai. Kai kuwa manomi ne, ga ƙafa, ga kaya. Naka a shimfiɗa masa ciki, ya yi faɗi kamu biyu, tsawo kamu goma. Zai ci maka ƙarfi, amma zai kai ka."

"Kamu goma," in ji Nababa. "Katakon ba zai kai ba."

"Sai ka nemo."

Nababa ya kwance akwatin jirgin nan nasa ƙusa bayan ƙusa, yana miƙar da kowace a kan dutse. Ya cire ƙyauren zaurensa, wanda ya yi da hannunsa shekarar da ya yi aure, ya rataya asabari a wurin. Ya kwance gadonsu. Na ji Furera ta danga tana cewa, "Malam, saura turmi. In shi ma zai yi, ga shi nan."

Ya ce, "Turmi ba zai yi ba."

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Wahalar aikin tana wurin goshi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana hana katako lanƙwasa, yanzu shi ne yake roƙonsa ya lanƙwasa. Usaini ya nuna masa yadda ake jiƙa katako a gasa shi a kan garwashi, a danne bakinsa da dutse, a bar shi ya kwana. Biyu suka tsage. Na ukun ya yarda. Tsakanin katako da katako aka cusa tsumma da auduga, aka narka ragowar kwaltar da masu gyaran hanya suka bari a gindin wata ganga aka shafe ciki da waje. Wata biyu aka yi ana wannan.

Ranar da aka sa shi a ruwa, ya zauna daram. Ya ɗan yi gumi ta ƙasa kwana biyu, daga nan ya daina. Usaini ya zaunar da Nababa a gindi, ya koya masa yadda ake jan filafili ta gefe ɗaya a murɗa hannu a ƙarshe, don goshi ya tsaya inda ake so. Ya koya masa kada ya miƙe tsaye, kada ya ba iska gefe, kaya masu nauyi a tsakiya kuma a ƙasa. Cikin kwana goma Nababa yana zuwa hayi ya dawo shi kaɗai. Ya je ya share gonar, ya ƙone kututturan, ya gaida mai unguwa. Na lura a kwanakin nan yana cin abinci, ko da abincin ba wani abu ba ne.

Sai bazara ta kama. Usaini ya naɗe komarsa, ya sami motar da za ta kai shi gida da jirginsa. Ya yi sallama da mu a gindin tsamiya. Ya ce, "Baba, na bar ka sarkin ruwa."

"Allah ya kai ka lafiya," in ji Nababa.

Sauran wata biyu ruwan shuka. Aikin gonar ya ƙare, ba abin da za a je yi hayi sai an yi ruwa. A ƙofar masallaci bayan la'asar aka yi maganar jirgin. Wani ya ce bai kamata a bar shi a gaɓa ba, zamani ya lalace, ana cire dangar mutane a hura wuta. Wani ya ce ai ko ba ɓarawo, wata biyu katako yana kwance cikin ruwa me zai rage? Ni ma na sa baki. Na ce duk abin da muka sani na itace, daga ƙotar fartanya har ƙafar rumbu, laima ce take kashe shi. Nababa ya gyaɗa kai. Wannan shi ne karatunsa tun yana yaro: kada ƙyaure ya taɓa ƙasa, kada ruwan indararo ya sauka a kansa.

Mu shida muka ɗauko shi. Muka ɗora shi a kan duwatsu a ƙarƙashin rumfar Nababa kamar yadda ake yi wa rumbu, aka barbaɗa toka a ƙasa saboda gara. Kullum da safe Furera tana share wurin. Zafin bazarar shekarar nan, wanda ya gani ya sani. Nababa yana duba jirgin, yana shafa shi. Kwaltar tana nan baƙa ƙirin, a shafe, ba ka ganin komai.

Ruwan ya zo ran wata Talata da yamma. Ruwa ne sosai, ya shiga ƙasa fiye da taki guda. A shekarar fari ba a jiran na biyu. Kowa ya san gobe shuka, jibi ma da dama-dama, daga nan ƙasa ta bushe.

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki jirgin zuwa gaɓa, kowa yana sauri don gonarsa tana jiransa. Na ji ya yi sauƙi a kafaɗa fiye da ranar da muka kawo shi, na ce a raina alheri ne. Nababa ya sa sungumi da gorar ruwa a tsakiya. Furera ta shiga da ƙwaryar iri a cinyarta, gero ne mudu huɗu da ta ɓoye a tukunya tun shekara biyu, duk yunwar da aka yi ba ta taɓa shi ba. Shi zai sara, ita ta zuba ta rufe. Muka tura su. Sauran suka juya suka tafi. Ni na tsaya ɗaure takalmi.

Ba su yi nisan jifa ba na ji Furera ta ce, "Malam, ƙafata ta jiƙe."

"Gumi ne. Haka yake yi."

Ya ja filafili sau biyar ko shida.

"Malam, ya kai idon sawu."

Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ɗauki ƙoƙon sha tana kwarfewa da hannu ɗaya. Daga inda nake ina ganin ruwan yana tsartuwa ta kowace haɗa, layi-layi, tun daga goshi har gindi. Nababa ya dubi hayi, ya dubi gaɓarmu. Ya juya jirgin. Bai kai ba. Sauran kamar taki goma jirgin ya cika, ya zauna a ƙasa a hankali, ruwan ya tsaya musu a ƙirji. Na shiga na kama Nababa. Furera ta fito da kanta, hannu biyu a kan ƙwarya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba.

Muka zauna a gaɓa mu uku. Can Nababa ya ce, "Je ka gonarka, Tasi'u. Rana tana yi."

Na tafi. Ina da baki bakwai a gida. Na yi shuka ranar, na yi washegari. Na sha tunanin cewa da na bar tawa kwana ɗaya na zagaya na sara masa ko layi goma ne, da an ce an ga hannunsa a gonar. Tunanin bai zo mini a lokacin ba. Ko ya zo, ban sani ba.

Ran Laraba da rana Nababa ya aika da saƙo hayi ta bakin wani mai tallan kanwa. Ran Alhamis da asuba ya ɗauki sanda da ƙullin iri ya kama hanyar datsi da ƙafa. Wani mai keke ya tsince shi da azahar a gindin kuka, bai ci kashi ɗaya cikin uku na hanyar ba, gwiwar ta kumbura kamar tulu. Shi ya goyo shi gida.

Ran Asabar Nababa ya ce in raka shi mu ciro jirgin, ko katakon a samu. Muka janyo shi bakin gaɓa, muka karkata shi muka zubar da ruwan, muka kwarfe sauran. Muka zauna hutawa kafin mu nemi masu ɗauka. Jirgin yana kan ruwa. Muka jira ya cika. Bai cika ba. Nababa ya sa hannu ya bi haɗar katakon ɗaya bayan ɗaya. Duk sun matse, ko allura ba za ta shiga ba. Kwana uku da ya yi a nutse katakon ya sha ya kumbura, ya koma yadda yake.

Ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya ce, "Ɗauko mini filafili."

Na ce, "Yaya, in zo?"

"Zo."

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Muka hau tudun a hankali saboda ƙafarsa. Tun daga nesa muka ga sawun sungumi a jere, daga wannan iyaka zuwa waccan. Abdussalam yana gindin ɗorawa yana gyaran ƙota. Mutum ne dogo, ramamme, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan mu ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa. Sannu da aiki."

"Saƙonka ya iso. Mai unguwa ya ce a jira, aka jira Laraba, aka jira Alhamis har la'asar. Laima tana tafiya, Baba."

"Tana tafiya," in ji Nababa.

Ya tsuguna da ƙyar, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya ga irin ya fara tsaga. Ya mayar da ƙasar ya danna. Ya ce, "Ka yi zurfi kaɗan ta gefen yamma. Wurin yashi ne, yana saurin bushewa."

"To, Baba."

Muka sauko. Muka shiga jirgi muka juyo. Da muka isa ya ɗaure shi a wani kututture cikin ruwa, ya shiga gida. Na ji Furera ta tambaye shi, na ji ya ba ta amsa a gajarce. Ran nan da yamma na ji ana daka a gidan. Geron irin ne.

Shekarar ba wanda ya samu. Ruwa ya ɗauke kwana arba'in, shukar kowa ta ƙone, har da ta Abdussalam. Amma ya riga ya shiga gonar. Ya sake nomawa da shekara ta zagayo, ya kai taki.

Da rani Usaini ya dawo. Na ba shi labari a bukkarsa, yana jin, komar tana hannunsa. Da na kai wurin rumfa da toka sai ya ajiye allurar.

"A inuwa? Wata biyu?"

"A kan duwatsu."

"Ni da zan tafi da nawa a mota, jiƙaƙƙun buhuna nake rufa masa, ina isa in jefa shi kogi." Ya ture komar gefe. "Ban faɗa masa ba. Na faɗa masa komai ban da wannan. Ban san ana faɗa ba."

Ya je ya sami Nababa a zaure don ya ba shi haƙuri. Nababa ya ce ba komai, ya tambaye shi yadda ake yin mazauni na biyu a tsakiyar jirgi ba tare da an raunana haƙarƙari ba.

Daga wannan shekarar ya koma fito. Mutanen hayi masu zuwa kasuwar Minjibir shi yake ɗaukowa ya mayar, ana ba shi abin da ya samu, wani rogo, wani ɗan wake. Ya yi wasu jiragen uku bayan wannan, masunta daga nesa suna zuwa saye, sun ce ba sa gudu amma ba sa kifewa. Bai ƙara yin ƙyaure ba, ko na zaurensa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, har Furera ta rasu, shi ma ya bi ta bayan wata bakwai.

Tun a shekara ta biyu da shigar Abdussalam gonar, da ruwan sama ya ɗan dawo, liman da wasu dattawa suka same shi suka ce tun ba a yi nisa ba ya je wurin dagaci ya nemi gonarsa, za su raka shi, kowa shaida ne aro aka ce. Ina wurin. Ya saurare su har suka gama. Ya tambaya ko yaran Abdussalam tara suna nan duka. Aka ce saura bakwai.

Ya ce, "To."

Aka jira ya ƙara wani abu. Da aka ga ba zai ƙara ba, liman ya yi addu'a, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa.